Humrar Inna a Gwangwani

Alhamis, 12 ga Maris, 1998. Tudun Wada, Gusau.

Yau na yi ɓarnar da ba ta gyaruwa. Tun rasuwar Inna nake ɓoye da kwalbar humrarta, saura kaɗan a gindi. Na ce bari in zuba a kyandir ko ƙamshin ya daɗe, yadda wata mata a Sabon Gari ta koya mini. Ta gargaɗe ni in bar kakin ya huce tukuna. Ban jira ba, na juye turaren duka, gwangwanin da na narka kakin a ciki yana kan garwashi.

Nan take gida ya gauraye da ƙamshin Inna. Baba ya fito daga ɗaki ba takalmi, yana waige-waige.

"Sa'a, wa ya shigo?"

"Ba kowa, Baba. Kyandir nake haɗawa."

Ya dubi gwangwanin, sannan ya ce, "In ya daskare ki aje mini."

Yanzu na kunna in gwada. Na kai hanci har sau uku, ƙauri kawai nake ji. Zafi ya cinye turaren.

Da wane baki zan gaya masa da safe?