Kakin da Na Kankare

Gidan Sistoci, ranar Litinin.

Zuwa ga uwargidana, sanyin idona,

Gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Ubangijinmu, tare da fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya gwiwar nan taki? Kina shafa maganin, ko kin ɗora shi a kan firiji kuna kallon juna?

Mun iso lafiya jiya, mu biyar masu aikin sa kai daga cocinmu. Tun a bakin ƙofa aka karɓe wayoyinmu aka zuba a kwando, shi ya sa kika ga takarda ta hannun direban da ke kawo musu burodi. An raba aiki nan take: Mai Famfo ya nufi banɗakuna, Nas da ƙanwarta ɗakin marasa lafiya, Tela ya rungumi labulaye. Ni kuwa, da na shekara ashirin da biyu ina koyar da mawaƙan coci, Babbar Sista ta miƙo mini tsintsiya ta ce in share ɗakin sujada. Tsintsiya, uwargida!

Na haɗiye. Amma a addu'ar yamma kunnena ya ji abin da ya hana ni sakat. Sistocin su goma sha huɗu ne, yawancinsu sun haura saba'in, suna rera Zabura da wata tsohuwar ogan irin wadda ake taka wa iska da ƙafa. Mai jan baiti wata 'yar tsohuwa ce da duk gidan ke kira Mama. Muryarta siririya ce kamar zaren siliki, amma ba ta karkacewa. Ogan ɗin ce matsalar. Na zaro ƙarfen awon murya daga aljihu na buga a gwiwa, sai na ji ta sauka mataki guda cur daga inda ya kamata ta tsaya.

Yau da safe, bayan shara, na kwance bayanta. Harsunan tagulla masu fitar da sauti sittin da ɗaya ne a ciki, kowanne da ɗigon kakin kyandir daskare a bakinsa. Na ce a raina sakaci ne na shekaru. Na sa reza na kankare su tas, ban gaya wa kowa ba, don ina so kyautar ta zo musu ba zato. Har baiti ya zo mini ina ɗaure kusoshi:

Na iske ki da mura, muryarki ta dushe,
Na share miki maƙoshi, baƙin ciki ya gushe.

Yau da yamma za su ji bambanci. Ki sumbaci yara a madadina.

Mijinki mai begenki,
Malamin Mawaƙa.

Gidan Sistoci, ranar Laraba.

Uwargidana,

Ina gaishe ki, ina fatan gida lafiya. Ni dai jikina lau, amma zuciyata kamar an zauna a kanta.

Sun ji bambanci. Ranar Litinin da yamma Mama ta ɗauki baitin farko, da ta kai ƙololuwarsa muryar ta tsinke. Ta koma ta sake ɗauka, ta sake tsinkewa. A karo na uku ta buɗe baki, iska kawai ta fito. Wata ƙaramar sista ta karɓe baitin don kada addu'a ta tsaya. Washegari Mama ta je wurin Babbar Sista ta roƙi a sauke ta daga aikin da ta riƙe shekara arba'in da ɗaya. Yanzu a bencin baya take zama, bakinta a rufe, Nas kuma ta ce farantinta yana komawa kicin yadda ya fito.

Sistar da ke kaɗa ogan ce ta same ni a lambu, a sa'ar da aka yarda a yi magana. Kakin nan aikin hannunta ne. Tun da ta lura muryar Mama ta fara sauka, kowace shekara takan ƙara wa harsunan nauyi kaɗan da tsinken ashana, ogan ta riƙa bin muryar ƙasa a hankali, don kada tsohuwa ta gane. Duk gidan sun sani, ban da ita. Ta dube ni ta ce, "Malam, shekara goma sha ɗaya na yi ina wannan aiki, kai ka gama da shi kafin a buga ƙararrawar abinci. Sannu da ƙoƙari." Sai ta nuna mini yatsunta. Sun kumbura, suna rawa, ba za su ƙara riƙe tsinke ba.

Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Na koma ina mayar da kakin, kuma a nan ne takaici yake. In ɗigo ya yi yawa harshen ya shaƙe, in ya yi kaɗan ya yi tsiwa. Ga dokar shiru: sa'a biyu kacal a rana aka yarda in fitar da sauti. Ina cikin lallaɓa harshe guda sai ƙararrawa, kowa ya miƙe, kakin ya sandare a hannuna. Kwana biyu, harsuna tara. Motarmu kuma Asabar za ta tashi.

Mai Famfo bai bar ni na sha iska ba. A teburin abinci ya ce, "Farfesa, ni dai in na yi gyara ruwa ne ke zuba, ba hawaye ba." Tela ya ƙware da shayi don dariya. Na rubuta wa Mama waƙar neman gafara mai baiti goma sha biyu, na ba Nas ta kai. Ta dawo mini da ita a ninke, wai Mama ta gode, amma idonta ba ya ganin ƙananan rubutu.

Ki sa ni a addu'a, ki sa Mama fiye da ni.

Mijinki,
mai reza.

Gidan Sistoci, ranar Asabar.

Abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, wannan takarda za ta zo ta hannun Nas, domin motar ta tashi ba tare da ni ba. Kada ki ɓata rai kafin ki kai ƙarshenta.

Jiya na kai harshe na ashirin da uku sai na ji ƙarar sanda a bayana. Mama ce. Ta zauna kusa da ogan, ta daɗe tana kallon kyandir da tsinkayen ashana da na baza, sannan ta ce in faɗa mata gaskiya, tun da ni baƙo ne ban iya ƙaryar gidan ba tukuna. Na faɗa mata duka. Na zaci za ta yi kuka, ko ta gode wa ƙawarta mai kaɗa ogan. Ko ɗaya ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Shekara goma sha ɗaya ina gode wa Allah da ya bar mini muryata, ashe kakin kyandir nake yi wa godiya."



Sai ta aika aka kira makaɗiyar. Ta ce an daina yi mata komai a ɓoye: in za a sauke ogan, a sauke ta a gaban idonta. Ta gyara zama, ta ja murya guda ta riƙe, ta nuna mini ogan da sanda, wato in sauko da ita ta sami muryar a nan. Uwargida, inda ta tsaya ya fi inda kakin ya kai sauka da rabin mataki. Harsuna ashirin da ukun da na sha wuya a kansu duk sun tashi a banza. Ƙarfen awona ma ba shi da amfani, domin muryar da nake nema ba ta cikin kowane littafi, tana maƙogwaron tsohuwa mai gajeren numfashi.

Haka muke aiki yanzu. Mama tana riƙe murya, makaɗiya tana riƙe kyandir, ni ina tsakiya da tsinke. Ba sa yi wa juna magana, sai ta bakina. "Malam, gaya mata kyandir ɗin ya karkace." "Malam, gaya mata numfashinta ne ke kaɗa wutar." Taku biyu ne tsakaninsu! Jiya da yau mun gama bakwai.

Na tambaye ta ko za ta koma jan baiti in na kammala, ta ce in ji da kakina. Amma yau a addu'ar safe, ogan tana kwance hanjinta a waje, ƙaramar sistar ta ja numfashi za ta fara, sai baitin ya taso daga bencin baya, can ƙasa, a shaƙe amma a miƙe. Sauran goma sha ukun suka yi ta laluben muryarta har suka sauko suka same ta. Makaɗiyar ta sunkuyar da kai. Da aka fito Mama ta wuce ta gabana ba ta tsaya ba, ta ce, "Ƙarfe goma, Malam. Kada ka makara."

Ki gaya wa mataimakina ya riƙe mawaƙa gobe da Lahadi mai zuwa. Ki aiko mini da riguna biyu da tabarauna na karatu ta hannun mai burodi. Saura harsuna hamsin da huɗu.

Mijinki har kullum,
Malamin Mawaƙa.