Rawani Biyar

Takanamat, 4 ga Janairu

Ƙanena Jibrilla,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lahiya kai da 'yan ƙungiya. Ƙafar da babur ya karya mini ta ɗoru, har na fara kaɗa gurmi ina zaune. Inna ta sake rina jajayen rigunanmu da karan dafi, guda biyar, kamar yadda ta yi ranar da na kafa ƙungiyar kiɗanmu, Jar Ƙasa. Yaushe za a ɗauki hoton afishi, takardar tallan wasanmu? Ka faɗa mini in shigo mota.

Wanka, Illa

Tawa, 19 ga Janairu

Yaya Illa,

Na amsa gaisuwa. An riga an ɗauki hoto. Madam Ummul Kulsum, mai nema muna wasa a Turai, ta ce ja ba ya sayuwa can, shuɗi suke so da raƙumi. Yanzu sunanmu Taurarin Rairayi. Mun naɗa rawunan turkuɗi, ido kaɗai a waje, aka aro raƙumi a kasuwar dabbobi. Ta ce tsagen fuskarka na manoma ne, kuma na san ba ka yarda a rufe shi. Muktari ya tsaya a wurinka. Kada ranka ya ɓaci, wallahi ba wanda ya lura. Rigunan, ka ce wa Inna ta yi tsumma da su. Ga afishi ɗaya na aiko.

Naka, Jibrilla

Takanamat, 2 ga Fabrairu

Jibrilla,

Gaisuwa. Afishi ya iso. Kai da jaki ma ke kayar da kai, ga ka riƙe da akalar raƙumi kamar gadon gidanku ne.

Inna ta manna shi a bangon ɗakinta. Ta ɗora yatsa a kan Muktari ta ce: "Ga Illana, dubi yadda ya yi ƙiba." Ina tsaye a gabanta da sanda. Ban gyara mata ba, na fita bayan rumbu na yi kuka. Shekara tara ina jan ƙungiyar nan, ni na koya maka riƙon jita. Ina roƙonka, ka bar mini ko da kiɗan ƙwarya ne a baya.

Illa

Tawa, 10 ga Fabrairu

Yaya,

Hoton mutum biyar ne, kuma mun cika. Ka ji da ƙafarka. A gaida Inna.

Jibrilla

Tawa, 27 ga Afrilu

Yayana Illa,

Ina gaishe ka da girmamawa. Sun tahi jiya ba da ni ba. Madam ta samo wani ɗan Abalak mai waƙa da Tamashek, yaren Buzaye, ta ce shi ya fi dacewa da rawanin. Ko afishin ba su canza ba. Na je na ce ai ni ne na tsakiya, ta ce in nuna mata shaida. Shunin bai ma gama fita daga goshina ba.

Kunya ta hana ni fita unguwa. Ko jajayen rigunan suna nan? Mu biyu ma za mu iya farawa. Ka ce wa Inna ina son in dawo gida.

Ƙanenka mai neman gafara, Jibrilla

Takanamat, 5 ga Mayu

Jibrilla,

Gaisuwa. Riguna huɗu an yi tsumma, yadda ka ce. Ta biyar tana jikina.

Ban faɗa wa Inna ba. Kullum da safe tana gaida na tsakiyar hoton da sunanka, tana sa mishi albarka a Turai. Kada ka zo ka rikita ta, ba ta rasa ka ba.

Illa