Ni Na Rubuta Takardar Da Za Ta Kori Taubashina Daga Jibiya

Assalamu alaikum Malam Edita, da duk masu karanta wannan fili. Ina gaishe ku, Allah ya ƙara muku lafiya. Alfarma biyu nake roƙo: kada a buga sunana, kuma don girman Allah kada kowa ya yanke mini hukunci sai ya kai ƙarshen wasiƙar nan. Zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina, ban rage muku komai ba. Shawara nake nema, kuma kwanaki tara kawai suka rage mini.

Ni mutumin Jibiya ne, a nan bakin iyaka. Na haura shekara hamsin. Na daɗe ina aikin magatakarda a zamanin En'e, wato hukumar sarakuna ta da, da na bari sai na koma sayar da hatsi a kasuwa. Ba zan ɓoye muku ra'ayina ba, ni mutumin da ne. Na yarda gari sai da babba. Tun da kuɗin man nan suka shigo ƙasar ban ga abin da suka ƙare mu da shi ba in ban da hayaniya. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kafin a ce me tiyar gero ta fi ƙarfin mai iyali. Gyaɗar da ta yi mana riga da wando an watsar da ita. Samarin ƙauyukan Kusa da Farfaru sun jingine garma, kowa ya sayi babur yana safarar fetur zuwa Maraɗi, yaron da ka ga sunansa sai ya wuce ka a guje ya bar ka da ƙura ko hannu ba zai ɗaga ba. Kowa ɗan kwangila, kowa Alhaji. Da sojoji suka ce za a yi zaɓen ƙananan hukumomi, a karɓe ragowar ikon da ke hannun sarakuna a ba kansiloli, sai na ji kamar an cire ginshiƙin ɗaki ana cewa mu ci gaba da barci. Har yanzu ban ce na yi kuskure a wannan ra'ayi ba. Kuskurena yana gaba.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, zan kira shi Sule ko da yake ba sunansa ba ne. Tela ne, shagonsa na kusa da tasha. Sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya, tare muka yi karatun allo. A siyasar farko yana ɓangaren masu sukar sarakuna, ni ina ɓangaren sarakuna, har ya taɓa kwana uku a tsare kuma ni na rubuta sunansa a littafi, amma bai hana mu cin tuwo a akushi ɗaya ba. Shi yana ce mini Malamin En'e, ni ina ce masa ɗan Faranshi. Ga asalin wannan suna. Mahaifiyarsa, Inna, 'yar wani ƙauye ce a bayan iyaka, ta ɓangaren Nijar da muke kira Faranshi. Da ta samu cikin fari aka mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mace a haihuwar fari. Mahaifiyata ce ma ta raka ta a kan jaki. A can aka haifi Sule, a can aka yi wankan jego, bayan arba'in aka dawo da shi gidan ubansa. Wa yake tambayar takarda a lokacin? Gonakinmu da nasu a haɗe suke, makabarta ma wani lokaci ɗaya ce. Kawuna kuwa da kakanmu duk a Jibiya aka binne cibiyarsu. Wannan labari bai wuce wasan taubasai ba, kuma in ban da 'yan gida babu wanda ya san daga inda sunan ya samo asali.

Sai Sule ya ce zai tsaya takarar kansila. Na ɗauka wasa yake, na yi dariya har da tafa hannu. Na ce, “Kai da ko keken ɗinkinka ba ka iya mulka ba?” Ya ce, “Malamin En'e, zamaninku ya wuce. Wanga karon talakka ka magana, ku kuna saurare.” Kuma ya fara tara jama'a da gaske. 'Yan dako, direbobi, mahauta, duk suna shagonsa. Yana cewa kuɗin mai na kowa ne, me ya sa rijiyar unguwarsu ta ƙafe tun shekarar farin nan ba a sake ta ba, me ya sa takin zamani yake ƙarewa a zauren manya. Ni kuwa ina bayan wani Alhaji, ɗan gidan mutunci, wanda nake gani ko ba komai ya san girman na gaba. Wata ranar kasuwa Sule ya hau kan buhuna yana jawabi, ya hango ni a rumfata, ya nuna ni da yatsa ya ce, “Ku tambayi wancan tsohon magatakardan awaki nawa aka kama muku kan haraji.” Jama'a suka kwashe da dariya. Wasan taubasai ne, na sani, na sha yi masa wanda ya fi haka. Amma ranar a gaban yaran shagona aka yi, kuma zuciyata ta riga ta cika.

Washegari da hantsi na rufe ɗakina na rubuta takardar koke zuwa ga masu tantance 'yan takara. Na ce Sule ba ɗan ƙasar nan ba ne, a Nijar aka haife shi, na faɗi sunan ƙauyen da sunan mai gidan. Wannan gaskiya ce, amma gaskiyar da na san ba ta nufin komai. Da na ga kamar ba za ta isa ba sai na ƙara ƙarya. Na ce ubansa ma daga can ya yi ƙaura, na ce yana da takardun can, yana kai wa jandarmomi, jami'an tsaron Nijar, labarin garinmu. Kawuna da ya saya mini allona na farko, shi na mayar baƙo yana cikin kabarinsa. A ƙasa na sa “Mai kishin ƙasa.” Me nake tunani a lokacin? Wallahi cewa na yi a raina sunansa kawai za a soke, ya koma kan kekensa, gari ya huta, shi ma ya huta. Har ina gaya wa kaina taimakonsa nake yi.

An soke sunan. Alhaji ya wuce ba hamayya. Sule ya yi 'yan kwanaki yana faɗa, sannan ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya koma ɗinkin sallah. Na ce to, magana ta mutu. Alhajin da na ci amanar jinina saboda shi kuwa, tun da ya hau ba mu ƙara ganinsa ba sai a bayan gilashin mota. Rijiyar tana nan a ƙafe. Yanzu ma na ji ya fara shirin tafiya majalisar sama in an mayar da mulki ga farar hula, kuma samarin baburan nan da nake kuka da su, ashe yawancinsu nasa ne.

Ni da na yi shekaru a ofis ya kamata in san takarda ba ta mutuwa. Fayil ya tashi daga wannan tebur zuwa wancan har ya isa hannun masu lura da baƙi. Watan jiya suka aiko wa Sule sammaci. Sun sa masa ranar da zai bayyana gaban kwamitinsu, yau saura kwana tara, suka ce ya kawo shaidar shi ɗan ƙasa ne, in ba haka ba za a sa shi a mota a tsallakar da shi iyaka. Wace shaida? Wa ya rubuta haihuwar ɗan talaka a ƙauye shekara hamsin da suka wuce? Mutum mai 'ya'ya bakwai da gona a Farfaru, wanda in ka aje shi a Maraɗi ko hanyar tasha sai ya tambaya. 'Yan duwan, wato kwastan na can, su ma cewa za su yi ba nasu ba ne. Ina zai tsaya?

Akwai wani akawu a ofishin, Malam Yohanna, mutumin kudancin Zariya, yana sayen dawa a wurina. Na yi kamar jaje nake yi na tambaye shi yadda abin yake. Ya ce, “Baba, zancen haihuwa ba shi ne matsala ba, a garinmu ma mata suna zuwa gida haihuwar fari. Maganar uban ce da ta jandarmomi. Dangi za su rantse, amma za a ce ai dangi ne. Abin da zai kashe maganar nan take shi ne wanda ya rubuta ya fito ya ce ƙarya ya yi.” Na ce to shi kuma me za a yi masa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce watakila kotu, watakila a bar shi da kunyarsa. Sannan ya ce, “Ko wane ne, ya iya rubutu. Irin hannun mutanen da ne, kamar an buga da inji.” Na auna masa dawar na sallame shi.

Sule ya san ɗan gida ne ya yi, tunda an faɗi sunan ƙauyen. Amma kun san wa yake zargi? Ƙanensa Hamisu, saboda yana tuƙa motar Alhaji. Ya daina amsa gaisuwarsa. Hamisu ya zo rumfata, ƙato da shi, yana hawaye, yana cewa, “Yaya, kai ka san halina, ka hwaɗa mishi ba ni ba ne.” Na ce ya yi haƙuri, gaskiya za ta fito. Da bakina na faɗi haka! Ni kuwa ko a mafarki Sule bai kawo ni ba. Ya ce mini, “Kai da ka kira ni ɗan Faranshi gaban kowa shekara hamsin, mi za ya sa ka ɓoye ka rubuta?” Ya yi dariya, ni ma na yi.

Abin da ya karya ni shi ne Inna. Tsohuwa ce tukuf, idonta ya yi rauni. Kun san kunyar ɗan fari. Tun da nake ban taɓa jin ta ambaci sunan Sule ba, sai dai “wancan” ko “mai keken nan.” Ranar da aka tsare shi a siyasar farko ko tambaya ba ta yi ba, surfenta ta ci gaba da yi. Shekaranjiya na shiga gaishe ta, na tarar ta ɗaure tsummokaranta a ƙullin zane. Na ce, “Inna, ina zuwa?” Ta ce, “In sunka kai shi, ni ma a kai ni. Ni na ja mishi. Uwayena sunka ce in taho gida in haihu, in ƙi? Da na san laihi ne da na haihe shi nan ko cikin zaure.” Na ce ba laifinta ba ne. Ta lalubo hannuna ta riƙe ta ce, “Kai ka san manya, ka san boko. Kada ka bari su tahi da Sule.” Sule, ta ce. Na fita ban yi sallama ba, na manta takalmina a ƙofar ɗakinta.

Jiya bayan la'asar Sule ya zo gidana da farar takarda da sabon alƙalami. Ya ce, “Malamin En'e, kai ad da hannu cikin danginmu. Ka rubuta mini amsa, yadda in sun gani za su san ina da mutane.” Na ce ya nemi wani malamin makaranta, idona ya fara ba ni wahala. Ya ce, “A'a, kai nika so. Wa ya san ubana kamar kai?” Ya bar takardar a kan tabarmata ya tafi. Tana nan gabana, ban sa mata ko ɗigo ba. In na rubuta, Malam Yohanna zai aje ta kusa da waccan, kuma ba sai an kira masani ba. In na karkata hannu na yi rubutun banza, na ƙara wata yaudarar a kan ta farko, kuma ba lallai ta cece shi ba. In na ƙi, me zan ce masa? In kuma na tashi a gaban kwamiti na ce ni ne, Sule zai zauna a garinsa, amma ni da wane ido zan ƙara shiga gidan kawuna? 'Ya'yana da nasa tare suke tashi. Ni da nake zaune a rumfa ina wa'azin an daina ganin girman manya, ina zagin yaran zamani da rashin amana, ga abin da babban ya yi.

Na san wasu za su ce amsar a fili take. Ni ma na san ta. Sau uku ina kama hanyar shagonsa, sau uku ina jin ƙarar kekensa daga nesa sai in juya. Tsoro nake ji, ba na kotu ba, na ranar da za a gaya wa Inna. Ta karya kunyar shekara hamsin ta kira sunan ɗanta, kuma a hannun wanda ya sayar da shi ta kira.

Jama'a, in fara zuwa wurin Sule ne, ko in wuce ofis kai tsaye ya ji a can? Akwai hanyar da zan cece shi ba tare da tsohuwar nan ta sani ba, ko kuwa wannan ma son kaina ne yake magana? Kwana tara suka rage, ƙullin kayan Inna yana bakin ƙofa, takardar Sule tana gabana fara fat. Don Allah, me zan yi?

Naku cikin damuwa,
Wani tsohon magatakarda, Jibiya.