Keken Baba Tela

Zuwa ga Baban 'yan biyu,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman garin mutane? Ciwon bayan nan ya sake ka kuwa? Mu nan lafiya lau. 'Yan biyu suna gaishe ka, sun kuma ƙara wa bangon falo ado da biron kala. Na san ranar da ka dawo, kafin ka nemi ruwan sha za ka nemi fenti.

Ka tuna Auta, ƙaramar cikin masu zanen da nake horarwa, wadda ka ce hannunta ya fi injin hoto? Na samo mata aikinta na farko ita kaɗai. A asibitin bayan tasha, sashen gashin ƙashi, akwai ɗakin jira mai dogon bango fari fat. Masu shanyewar ɓarin jiki ne ke zama suna kallonsa kafin a kira su. Likitar sashen ta yarda su zana shi da hannunsu, kowa ya zana abin da yake kewa. Aikin Auta ta haɗa launi, ta shimfiɗa leda, ta ƙarfafa musu gwiwa. Na sha faɗa wa ɗalibaina a aji cewa gwangwanin fenti ne nasu, buroshi na jama'a ne.

Jiya na leƙa, sai da na yi ƙwalla. Akwai wani dattijo da suke kira Baba Tela, 'yarsa ce ke turo shi a keken guragu. Ya ƙi yarda ya riƙe buroshi da hagu, wai shi bai taɓa yanka yadi da ita ba. Da hannun daman nan mai rawa ya zana keken ɗinkinsa, a karkace, kamar wanda ya faɗo daga bene. Amma ka ga fuskarsa!

Ka kula da kanka, ka rage shan shayi mai sukari.

Taka har kullum,
Maman 'yan biyu

*

Baban 'yan biyu,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗi da ka ce bayan ya yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa. Ka yi haƙuri, yau zuciyata ba daɗi.

Auta ta yi abin da duk mai hannu mai kyau ke jin ƙaiƙayin yi. Da aka tashi ranar Laraba, tana wanke buroshi, idonta ya sauka kan keken ɗinkin da Baba ya zana. Ta ce mini da farko ƙafa ɗaya kawai ta so miƙewa, don kada baƙi su yi masa dariya. Daga ƙafa ta koma kan allura, daga allura sai ga keke sumul, har da ƙyalli.

Da 'yarsa ta turo shi a zama na gaba, ya daɗe yana kallo. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi keken ya yi kyau ƙwarai, amma wanda ya zana shi lafiyarsa ƙalau. Sannan ya ce a mayar da shi gida. Tun daga nan ana kawo shi gashi, amma a baranda yake jira, ba ya shiga ɗakin. Likita ta shaida mini cewa zanen nan shi ne abu na farko da hannun ya yi da kansa tun da ciwon ya same shi.

Auta ta zo ofis da mabuɗin akwatin kaya, ta ajiye mini a tebur, wai ita ba ta dace da aikin jama'a ba. Ban karɓa ba, ban kuma yi mata wa'azi ba. Na kai ta zaman da muke yi da sauran 'yan ajin, wanda suke kira zaman ɓarna, inda kowa ke faɗin abin da ya lalata a makon. Abokin aikina mai koyar da wasan kwaikwayo ya ba da nasa, har ta yi dariya cikin kuka. Duk da haka ba ta ɗauki mabuɗin ba.

Wallahi bakina cike yake da shawara. Na san abin da zan ce wa Baba, na san yadda zan lallashe shi. Amma idan na je na daidaita mata, ai na zana mata nata keken ke nan. Abin da na ce kawai shi ne zan raka ta wurin Baba, in tsaya a bakin ƙofa. Ina tsoron rasa yarinyar nan. Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Maman 'yan biyu

*

Abin alfaharina,

Ina gaishe ka da kyau, ina fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Zauna sosai ka sha labari.

Auta ta zo da kanta ta ɗauki mabuɗin. Muka je, na tsaya a ƙofa kamar yadda na yi alkawari, hannuwana a naɗe don kada su yi mini gardama. Ta sami Baba a baranda, ta durƙusa har ƙasa, ta ba shi haƙuri ba tare da kwana-kwana ba. Ta ajiye farin fenti a gabansa, ta ce bangon nasu ne, idan ya so a shafe nata yanzu.

Baba ya ce a bar shi, ai haka keken yake a zamanin da hannunsa ke jin magana. Amma ya ce ta turo shi ciki, yana da aiki. A gefen nata ya zana wani sabo, ya ma fi na farko karkacewa, ita kuwa tana tsugune riƙe da gwangwani. Duk lokacin da ta motsa sai ya ce, ke 'yar koyo, hannu a aljihu. Ɗakin ya kaure da dariya. Wata tsohuwa ta ce ai keke ba ya aiki babu zare, ta ja jan layi daga wancan keken zuwa wannan. Yanzu duk wanda ya shigo sai ya ƙara nasa, zaren yana ta rawa har ya kusa kai taga.

A hanyarmu ta dawowa Auta ta tambaye ni ko za ta iya ba da labarin a zaman ɓarna idan sababbin ɗalibai sun zo. Na ce ita ce ma za ta buɗe zaman.

Sai magana ta ƙarshe. Na tsaya na kalli bangon falonmu da kyau. Wancan abu mai ƙafa biyar da kake cewa gizo-gizo ne, 'yan biyu sun ce kai ne kake dawowa da jaka. Don haka ka taho mana da tsaraba, amma ban da fenti.

Mai jiran ka da ɗoki,
Maman 'yan biyu