Hulunan Fitilun Bakin Dam

Zuwa ga Yaya Mele,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yau shekarata shida da wata huɗu rabona da gida, tun ranar da ka rako ni tashar Kazaure da buhuna a kafaɗarka. Ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara wa Inna Gumsu sauƙin ƙafar nan, ya raya jaririn Ummu Salma bisa sunna. Ni ma ina nan Legas, ina gadin ɗakin ajiyar kayan nan na bakin ruwa. Ƙafa na kumbura, ido na yaji, mai gida kuwa har yau bai riƙe sunana ba. Amma yau ba kuka na zo yi maka ba, albishir ne a bakina.

Mu'azzam direba, da ya kawo shanu makon jiya, ya zauna ya warware mini abin da kai ka ɓoye. Ya ce tun da aka kafa fitilun sola goma sha huɗun nan a bakin dam, ƙananan kifaye ke taruwa a gaɓa suna bin haske, mutane kuma na kwashe su da gidan sauro kamar ana tatar koko. Ya ce komarka ta kan dawo kusan wayam, har ka fara maganar sayar da kwalekwalen Baba. Ya kuma ce Sarkin Ruwa ya rantse a taron Juma'a mai zuwa ta sama za a tumɓuke fitilun gaba ɗaya, mata kuwa sun ce sai dai a tumɓuke su tare, don ba su manta da macijin da ya sari ƙanwarmu Khadijat cikin duhu a hanyar ɗibar ruwa ba.

Yaya, ruwa ba ya tsami banza, kuma ni ne na sa shi tsami. Lokacin da ƙungiyarmu ta 'yan gida mazauna Legas ta sayi fitilun, ni na miƙe na ce a juya fuskarsu ga ruwa, don garinmu ya yi ƙyalli irin na nan. Ɗan masunci guda, ka ji abin da na faɗa! Shugabannin ƙungiya sun je sun ɗauki hotuna da manyan riguna, ba wanda ya ambaci sunana, kuma na daɗe ina jin zafin haka. To amma gaskiya ɗaya ce, shawarar tawa ce, ba tasu ba. Sarkin Ruwa ma bai yi ƙarya ba. A da duhu ne ke taya shi tsaron ruwa lokacin da kifi ke ƙwai, mu muka kore masa mai gadi.

Ga albishir ɗin. Akwai wani tsohon masunci da ke ɗaure jirginsa kusa da wurin gadina, na kai masa kukana. Ya yi mini dariya har da tari, ya ce fitila ba ta da laifi, kanta ne ba shi da hula. Ya nuna mini yadda suke rufe gefen fitila da ke kallon ruwa a unguwarsu. Na samo gwangwanin fenti babba, na kai wa Sama'ilu, wani maƙerin gwangwani ɗan Roni, ya tsaga shi ya lanƙwasa, muka ɗaura wa fitilar ƙofata. Wallahi Yaya, da ka ga ikon Allah! Hasken ya zubo ƙasa inda ƙafa ke takawa, ko allura ka yar za ka gani, ruwan kuwa ya koma baƙi ƙirin yadda Allah ya yi shi. Kwana uku ina leƙawa, babu kifi ko ɗaya da ya taru. Har kaza da 'ya'yanta na hango a sama, ni da na ɗauka taurari ba sa zuwa Legas. Na tsaya ina dariya ni kaɗai kamar wanda aka yi wa bushara da kujerar Makka.

Abin da nake roƙonka shi ne ka riƙe kwalekwalen nan, kada ka saurari mai saye. Ka je wurin Sarkin Ruwa kafin taro, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce Hussain ya amsa laifinsa. A juya kowace fitila ta kalli hanya, ta ba ruwa baya, a sa mata hula, amma a kula kada hular ta rufe farantin da ke shan rana. Guda huɗun da ke dab da gaɓa a cire su a mayar hanyar mata. Ka roƙi Sarkin Ruwa ya ba mu damina ɗaya. In kifi bai dawo ba, ni da bakina zan ce a tumɓuke. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Ka gaishe mini da Inna Gumsu gaisuwa mai yawa, ka ce ta ci gaba da sa mini albarka. Ka gaida Ummu Salma da Khadijat, da Kawu Daudu, da duk wanda ya tambaye ni.

Mu'azzam zai taso ranar Talata. Abin da na iya tarawa zan ba shi: huluna goma sha ɗaya, ƙusoshi arba'in da biyu, da waya naɗi ɗaya. Saura huluna uku, gwangwaninsu na ƙarƙashin bencina, gobe da safe zan kai wa Sama'ilu.

Naka ƙaninka,
Hussain