Allon da ke Saman Matakala

Litinin, 3 ga Maris

Na iso garinmu na kan dutse bayan shekara ashirin da shida, wannan karon da alƙalami a aljihuna. Yaya ta dube ni ta ce, "Auta, har da tabarau? Ko kai ne sabon alƙali?" Na gyara zaman tabarau na wuce ciki. Mutumin da ya kammala ajin koyon karatu na manya da lambar yabo bai kamata ya biye wa zolaya ba.

Dalilin zuwana ɗaya ne: in karanta da idona allon ƙarfen da ke saman babbar matakala, wanda marigayi Baba ya ce sunansa ne a jiki, kasancewar shi ya sassaƙa duwatsunta. Na yi wa 'yata alkawarin kwafo mata shi harafi bayan harafi.

Talata, 4 ga Maris

Na zaga tsohuwar kasuwa, da gadar kwari, da maɓuɓɓugar da muke wanka muna yara. Duk sun ƙanƙance. Na karanta allunan shaguna goma sha tara ba tare da kuskure ba. Matakala kuwa sai gobe, saboda gwiwa.

Laraba, 5 ga Maris

Na kai rabi na juyo. Ba fargaba ba ce.

Alhamis, 6 ga Maris

Na hau. Taki ɗari biyu da goma sha huɗu. Na goge tsatsar da hannun rigata, na karanta sau uku, domin malaminmu ya hore mu da kada mu yi gaggawa. An rubuta: "A kula, akwai santsi lokacin ruwa." Shi ke nan. Har bayansa na leƙa.

Sau nawa Baba ya tsayar da mu a gaban wannan allo?

Juma'a, 7 ga Maris

Na kasa zama wuri ɗaya. Daga ƙarshe na sanar da Yaya a hankali, don kada ta kaɗu. Ko shanyar da take yi ba ta dakatar ba. Ta ce, "To? Ai Baba ya sani. Tun kana goye wani ma'aikaci ya karanta masa. Cewa ya yi yara na son allo, a bar muku. Taso, malam mai karatu."

Ta kai ni taki na goma, ta kama yatsana ta cusa a ƙarƙashin bakin dutsen. Zane uku a tsaye, ɗaya a gicciye. "Hannunsa ke nan. Duk bayan goma akwai. Jiya ka taka su hawa da sauka, idonka na sama."

Asabar, 8 ga Maris

Na sake hawa, rabin tafiyar a durƙushe. Ashirin da ɗaya ne, babu wanda ya goge. Na kwafa wa 'yata alamar a shafin baya. Sau shida ina sakewa, tawa ta ƙi miƙewa kamar tasa. Ina kyautata zaton daga alƙalamin ne.