Ban Sa Hannu Ba

Zuwa ga Yaya Awadiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yara da dukan mutanen Kosti. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiyata ƙalau a nan Sharja, raina ne dai a ɓace.

Shekara tara ina tuƙa motar maigidana Abu Rashid, ko kaza ban taɓa takawa ba. Makon jiya ya miƙo mini takardar hukuma, wai kyamarar hanya ta kama motar tana sharara gudu, ana son mai ita ya faɗi wanda ke tuƙi kafin wa'adi ya cika. Ya ce, "Siddig, sa hannu a nan, ka ce kai ne."

Na duba kwanan watan. Ranar ina kwance a asibiti, an yi mini aikin ƙaba. Ƙaramin aiki ne, shi ya sa ban gaya muku ba. Abu Rashid da kansa ya sauke ni a asibitin, ya wuce ɗaurin aure a makare.

Na ce, "Ranka ya daɗe, daga kan gado na tuƙa ta?"

Ya ce, "Ai ni zan biya tarar. Me za ka rasa?"

Lasisin tuƙina mana, Yaya! Da shi nake ci, da shi kuke ci.

Na ƙi. Ya karɓe makulli, yau kwana shida ko gaisuwata ba ya amsawa. Ki ce Inna ta sa ni a addu'a, amma kada ki faɗa mata dalili. Gobe zan kai wa hukuma takardar asibitin da kaina, kuma a ƙafa zan je. Sai in ga kyamarar da za ta kama ni.

Ƙanenki,
Siddig